Bashin da ya hana mu gaisawa a majami'a

Salamar Ubangijinmu Yesu Kristi ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

Akwai wata gaba da ba a kai ta gaban dattawa, ba a kuma saka ta cikin roƙon addu'a, amma tana zaune daram a majami'unmu. Gabar bashi ce. Za ka ga mata biyu 'yan Zumuntar Mata, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, waƙa ɗaya a bakinsu, amma da Fasto ya ce kowa ya gai da na kusa da shi, sai ɗaya ta duƙa tana gyara wa ɗanta takalmin da ba abin da ya same shi. Zubin adashe ne ya shiga tsakani. Maza ma ba a bar su a baya ba: buhun taki da aka karɓa da damina, aka ce sai kaka, ga kaka ta wuce, an yi Kirsimeti, shiru.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin ya ƙaru. Kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya tashi, kuɗin makaranta ya bi su. Mutanen da ba su taɓa buɗe baki sun ce "ranta mini" ba, yau sun faɗa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai wanda ya ba da rancen shi ma ba daga rara ya ɗebo ba, jarinsa ya gutsura.

Shi ya sa nake so mu sake duba misalin da Yesu ya ba Bitrus a Matiyu 18:21-35, mu duba shi da idon ɗan kasuwa. Sarki yana bin bawansa talanti 10,000. Dinari ɗaya shi ne ladan ma'aikaci na yini guda, kamar yadda muka gani a Matiyu 20:2, talanti ɗaya kuwa kusan dinari 6,000 ne. In ka buga lissafin, ladan aikin kwana miliyan 60 ke nan, sama da shekara 160,000 ba hutun ko yini ɗaya. Bawan ya faɗi ƙasa yana cewa a yi masa haƙuri zai biya duka. Da me zai biya? Sarkin ya ji tausayinsa, bai ma ƙara masa wa'adi ba, ya yafe bashin ɗungurungum.

Fitarsa ke da wuya ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100. A nan ne masu wa'azi da yawa suke saurin cewa "'yan kuɗi ne ƙalilan". Ni ban yarda ba. Dinari 100 ladan aikin wata uku ne da ɗoriya. A mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ya haura naira 200,000. Wa zai ce wannan ba kuɗi ba ne? Yesu bai rena abin da ake bin mutumin ba, kuma bai rena naki zubin adashen ba, 'yar'uwa. Ya san da zafi. Abin da ya ɗora yatsa a kai shi ne hannun da ya kai wuya: bawan ya cafke ɗan'uwansa ya shaƙe shi, ya ji roƙon da shi kansa ya yi ɗazu, kalma a kan kalma, bai ko gane muryarsa a ciki ba. Ya sa aka jefa shi kurkuku, inda ba zai ma iya neman abin biya ba.

Mu ba mu da kurkuku, amma mun iya shaƙewa. Habaici a WhatsApp da kowa ya san da wa ake. Kai maganar wurin koyon waƙa da sunan "ku taya ni da addu'a". Hana yaranki shiga gidansu, alhali yaran ba su ci ko sisi ba. Ranar Lahadi kuma mu miƙe mu haɗa baki a Addu'ar Ubangiji, muna roƙo a gafarta mana kamar yadda mu ma muke gafartawa. Wannan addu'a tana da haɗari a bakin mai riƙo, domin da kansa yake gaya wa Allah mudun da za a auna masa.

Kada wani ya ce na hana shi neman haƙƙinsa. Nemi kuɗinka. Shari'ar Musa ma ba ta hana ba, iyaka ta sa. A Maimaitawar Shari'a 24 an ce mai bin bashi kada ya kutsa cikin gidan wanda yake bi don ɗaukar jingina, ya tsaya a waje a kawo masa. In talaka ya ba da mayafinsa, a mayar masa kafin faɗuwar rana ya samu abin rufa. Kada a karɓi dutsen niƙa, gama ran mutum ke nan aka karɓa. Dutsen niƙan yau shi ne keken ɗinkin gwauruwa, injin markaɗe, babur ɗin ɗan acaɓa. Allah ya damu da mutuncin wanda ake bi har ya hana a taka masa bakin ƙofa. Kai da kake da'awar alheri, kada ka gaza abin da Shari'a ta tanada.

Yanzu kai da ake bi, zo nan, ba ka tsira ba. Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya da sunan mugu. Sau da yawa ba rashin biyan ne yake ƙona ran mai kuɗi ba, ɓuyan ne. Ya kira, ka ƙi ɗauka. Ya hango ka a kasuwa, ka sauya layi. Ranar godiyar kaka kuma ka fito da sabon ɗinki kana rawa zuwa gaba da baikonka, shi yana zaune yana kallo. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ajiye baikon, je ku shirya tukuna. Ɗauki ƙafa ka je gidansa. Ce masa, "Yaya, ban manta ba, ga dubu biyar, sauran a ƙarshen wata." Ko ba ka da dubu biyar ɗin, kai fuskarka. Kunyar minti goma ce.

In kuwa bashin ya yi maka katutu har barci ya ƙaurace maka, kana ganin ko Allah ya juya maka baya ne, karanta 2 Sarakuna 4:1-7. Mijin matar da ke cikin labarin mai tsoron Allah ne, daga ƙungiyar annabawa, ya mutu ya bar bashi, har mai bin bashin yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin masu cewa duk wanda ke cikin bashi bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Annabi Elisha ya tambaye ta me take da shi a gida. Ba kome, sai ɗan mai. Ta aro tuluna wurin maƙwabta, ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta, tana zubawa suna miƙo mata, man bai tsaya ba sai da tulunan suka ƙare. Ku lura da umarnin da ya biyo baya: sayar, biya bashinki, ku ci sauran. Biya ya riga ci. Ku kuma lura da maƙwabtan. Da gaba take yi da su, wa zai ara mata tulu?

Saura ku da Allah ya ɗan buɗa wa, kuna kallon 'yan'uwa biyu sun shekara ba sa ga maciji a kan naira 30,000. Bulus yana tsare ya rubuta wa Filimon game da Onisimus, bawan Filimon ɗin, ya ce in ya cuce ka ko kana binsa wani abu, ɗora a kaina, ni zan biya, ya kuma sa hannu da kansa. Dattawa, shugabannin Zumunta, ku ma kun san su waye a ikilisiyarku, kun san adadin. Ku kira su biyun a tsakiyar mako, ba ranar Lahadi a idon jama'a ba. A zauna, a rubuta abin da ya rage, a yanka shi yadda mai biya zai iya ɗauka. In akwai mai hali da zai cike giɓin, ya ba da ta hannun dattijo ɗaya, kada a karanta sunansa a sanarwa.