Ƙas-ƙas ɗin wuya ba shi ne maganin ciwon baya ba

Wani sabon yayi ya shigo Abuja, kana buɗe TikTok sai ka ga an kwantar da bawan Allah a kan siririn gado, wani mai farar riga ya tallabo kansa ya murɗe, ƙas! sai mutumin ya miƙe yana rantsuwa wai ciwon shekara da shekaru ya tafi. Wai su kairofrakta, wato masu murɗa wuya da ƙashin baya da sunan magani. Abin haushin har da 'yan boko a masu yaɗawa, hujjarsu ɗaya, ai ya fi shan ƙwaya.

To wa ya ce ƙwaya abin arziki ce? Mun ga yadda tramadol da kodin suka yi da matasanmu har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ga diclofenac ɗin da mai kemis yake zuba wa direbobi da leburori cikin haɗi kullum da yamma, yana ƙwaƙule ciki yana taɓa ƙoda. Amma don kana gudun ƙwaya sai ka miƙa wuyanka ga duk wanda ya sayi gado da kyamara?

Ƙarar nan da suke kara wa makirfo iska ce a cikin ruwan gaɓa, babu wani ƙashi da ya koma mazauninsa. Ita kanta sana'ar wani Ba'amurke Daniel David Palmer ya ƙirƙiro ta a 1895, mutumin da ya yi imani kusan kowace cuta daga gocewar ƙashin baya take. Masu kare su za su ce ai Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2023. Su je su karanta da kyau, maganar ciwon ƙugu mai daɗewa ake yi, kuma ta ambaci matsa baya da tausa ne tare da motsa jiki da koya wa mara lafiya yadda zai kula da kansa. Murɗe wuya kuwa, ko da ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa mutum ya ƙare da shanyewar ɓarin jiki.

Likitocin gashin ƙashi suna nan a manyan asibitoci, matsalarsu kawai aikinsu ba ya ƙara balle a ɗauka a bidiyo, za su ce ka yi atisaye kullum, ka rage zama awa takwas a kujerar ofis, mu kuma mun fi son sha-yanzu-magani-yanzu. Hukumar MRTB mai yi wa masu irin waɗannan sana'o'i rajista ta daure ta leƙa shagunan nan ta tambayi kowa takardarsa.