Wandona a bushe yake, ku shaida

Tunda taubashina ya riga ya baza labarin a majalisa da nasa gishirin, gara ku ji daga bakin mai shi.

Ciwon cikin nan ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce sai an yi hoton CT, wanda na'ura ke ɗauka na cikin jiki, kuma da rini. Aka yi gwajin ƙoda, aka tambaye ni ko ina shan metformin na ciwon suga, ko wani magani ya taɓa sa min borin jini, aka ce kar in karya. Uwargida tana da uzuri, sai aka haɗa ni da wancan mutumin, taubashin nawa, wai ya raka ni. Tun a adaidaita yake cewa zan fito kamar an tsoma ni a karofin Ƙofar Mata, shuni har fatar ido.

Rinin ma ba shi da kala. Na gan shi a sirinji, garau. Ma'aikaciyar, yarinya ce da ba za ta girmi 'yata ta fari ba, ta ce aidin ne a ciki, hasken hoton ba ya ratsa shi da sauƙi, don haka duk inda ya bi, jijiyoyin jini, hanta, ƙoda, sai wurin ya fito fari a hoto, likita ya ga abin da ya ɓuya. Ta sa min kanula, siririn bututun nan da ake sawa a jijiya, ta ce, "Baba, za ka ji ɗan ɗumi, kar ka motsa." Ta shige bayan gilashi.

Ina kwance, hannaye sama da kai, gadon yana ja na cikin zoben na'urar. An bar min wandona saboda na zariya ne, babu ƙarfe a jikinsa. Farar shadda. Ku riƙe wannan.

Lasifika ta ce in ja numfashi in riƙe. Na riƙe. Sai ɗanɗanon ƙarfe ya cika min baki, zafi ya taso daga maƙogwaro, ya gangara ƙirji, ya wuce cibiya, ya isa inda ba a faɗa, ya bazu. Jama'a, ba zargi na yi ba, ba kokwanto ba. Na tabbata. Har gangarowarsa ta cinya na ji. A cikin wannan ɗan lokaci na lissafa komai: barandar da ke cike da mutane, yawanci mata, kujerar adaidaita, sallar azahar, da wanda zai goge ledar gadon yana tsine min a zuci. Mutum da furfura a gemu, mai jan sallah a masallacin layi in liman ya yi tafiya.

Na ce, "'Yata, a yi haƙuri, an samu matsala."

"Baba, riƙe numfashi."

"Na ce an samu matsala. Na ɓata muku gado."

Ashe duk abin da na faɗa lasifika tana kai shi ɗakinsu da ƙarfi, ƙofar ɗakin kuma a ɗan buɗe, wancan mutumin yana tsaye a bakinta riƙe da hulata da wayata.

"Baba, ba ka yi ba."

"Ni da jikina?"

"Wallahi ba ka yi ba, Baba. Maganin ne yake buɗa jijiyoyin jini, mutane da yawa haka suke ji. Yanzu zai wuce."

"To a kawo min zane dai."

Nan na ji wani namiji a ɗakin ya shaƙe da dariya, ya mayar da ita tari. Kafin minti ɗaya zafin ya ɗauke. Da ta zo cire kanular, a gabanta na shafa wandon, gaba da baya. Na danna gadon da tafin hannu. A bushe ƙayau. Ta kawar da kai tana gyara audugar da ba ta buƙatar gyara. Yarinyar tana da tarbiyya, wannan kam na ba ta. Amma ɗan ɗumi? Ai da an faɗa wa mutum gaskiya tun farko.

Ina fitowa na tarar ya gama raba labarin. Wani dattijo da ke zaune da kofin farin ruwan nan mai kauri, bariyom, wanda ake sha don hanji ya fito a hoto, ya kamo hannuna ya zaunar da ni. "Ɗana, ba abin kunya ba ne, shekaru ne." Na ce ban yi ba, Baba. Ya ce shi ma haka ya yi ta musu da farko. Ya fara kwatanta min gidan wani mai sassaƙe. Dariyar kowa ba ta ƙona ni kamar tausayin tsohon nan ba, don har muka bar wurin yana min kallon ɗan'uwa.

Shi kuwa taubashin nawa, mutumin da ya sume ranar da aka ɗibi jininsa lokacin aurensa na biyu, kun san da maganar, shi ne ya zama malami. Ya buɗe wayata, da datata, yana karanta wa matan baranda cewa wani Baturen Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙirƙiro na'urar, an fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971, har ya samu kyautar Nobel a 1979. "Mace ce ma aka fara sakawa," in ji shi, "ba ta ce uffan ba." Kamar yana wurin. "Tun daga lokacin ba a ji wanda ya nemi zane ba sai bawana." Wannan fa shi ne wanda har yau bai cika min kuɗin ragon layya ba, kullum sai albashi ya shigo.

An ce in sha ruwa da yawa don ƙoda ta fitar da rinin cikin kwana guda. Ya karɓi kuɗina ya sayo jakar fiya wata, ya miƙo min ɗaya gaban mai adaidaita ya ce, "A hankali dai, kujerar mutane ce."

Sakamako ya fito, ba abin tashin hankali ba ne, ina kan magani. Canjin kuɗin ruwan ma bai dawo min da shi ba.