Kiɗan da ke sa ƙafa ƙaiƙayin tafiya

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu buga gem tun 2017, kuma har yau in na ji ta sai ta tsaya mini a maƙogwaro: wai The Legend of Zelda: Breath of the Wild ba shi da kiɗa. Wai mutum sai ya yi minti goma yana ratsa daji ba abin da yake ji sai iska da kukan tsuntsaye, can a ɗan taɓa fiyano sau uku, a sake yin shiru. Jiya ma wani abokina ya maimaita mini ita, shi ya sa na ce yau sai na amayar da abin da ke cikina. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ma'aunina a kan kiɗan wasan kasada ɗaya ne. In ya taso, ƙafata ta yi ƙaiƙayi? Na ji ina so in san abin da ke bayan wancan tsaunin? In haka ta faru, mai kiɗan ya ci kuɗinsa. Kuma a iya shekarun da na yi ina sauraro, na lura waɗanda suka fi iya wannan aiki su ne waɗanda suka san lokacin shigowa da lokacin ja da baya.

Ku duba wahalar da ke kan mai tsara kiɗan gem. Takwaransa na fim ya san a daƙiƙa ta nawa jarumi zai zare takobi, sai ya ɗora ganga daidai wurin. Shi kuwa na gem linzami ba a hannunsa yake ba, a hannunka yake. Kana iya tsayawa a bakin kogo ka tafi amsa waya. Kana iya barin hanyar da aka shata maka ka bi wata barewa cikin kurmi. Dole kiɗan ya zauna da kai a duk halin da ka ga dama, ya maimaita kansa sau ɗari ba tare da ya gundure ka ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba a cika yaba wa masu yin sa yadda ya kamata ba.

Na farkon ma da hannu ɗaure suka yi shi. Na'urar Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983 muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda: uku na kari, ɗaya ta hayaniya da ake yin ganga da ita, ɗaya kuma ta ɗan guntun sautin da aka naɗa. A wasanni da yawa, in ka yi tsalle ko ka kai sara, ƙarar saran sai ta ari ɗaya daga cikin muryoyin kiɗan, ta mayar in ta gama. A cikin wannan ƙunci Koji Kondo ya yi kiɗan Zelda na farko a 1986. Labarin ma akwai abin mamaki: da farko sun yi niyyar buɗe wasan da Boléro na Maurice Ravel, ana dab da gamawa suka gano haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba tukuna. Sai Kondo ya kwana bai runtsa ba, ya ɗauki karin da ya riga ya yi wa filin wasan ya juya shi ya zama na buɗewa. Wannan kari har gobe in an busa shi, wanda ya taɓa riƙe takobin Link, jarumin wasan, sai ya ɗago kai. Saurare shi da kyau: yana farawa ne da tsayawa daram, sai ya faɗo ƙasa, sannan ya haura da gudu kamar mai hawa tudu don ya hango abin da ke gaba. Da muryoyi uku aka yi wannan. Rashin kayan aiki ya tilasta musu yin karin da baki zai iya rerawa, tunda ba su da inda za su ɓoye.

Amma inda abin ya fara shiga jikina sosai shi ne wani wasan Zelda, Ocarina of Time na 1998. Ba na manta ranar da na fara fita daga dajin Kokiri. Ka yi sa'o'i a cikin duhuwar itatuwa, ko'ina kusa kusa, sai ka bi ta wata 'yar gada da kututturen itace mai rami, ka ɓullo filin Hyrule. Sarari ya buɗe har iya ganinka, ga ganuwar birni can nesa, sai kiɗa ya ɓarke kamar an kwance doki daga turke. Na danna gaba da gudu ban ma san inda na nufa ba. Daga baya na tsaya don in duba taswira, sai na ji kiɗan ya lafa, ya yi laushi, kamar shi ma ya zauna yana jirana. Na motsa, ya miƙe. Abokin gaba ya matso, ya ɗaure fuska. Ashe Kondo yanka kiɗan ya yi gutsi-gutsi, wasan yana zaɓar wanda ya dace da abin da kake yi. In rana ta faɗi kuwa, sai kiɗan ya ɗauke ɗungurungum, a bar ka da haushin kyarkeci da ƙwarangwal masu fitowa daga ƙasa. Wallahi ranar na san daɗin wayewar gari a cikin gem, don da zakara ya yi cara kiɗan ya dawo, sai da na sauke ajiyar zuciya.

Wannan dabara ta kiɗa mai bin sawun ɗan wasa ta girmi Ocarina. Tun 1991 Michael Land da Peter McConnell na kamfanin LucasArts suka ƙirƙiro tsarin iMUSE a Monkey Island 2, inda kiɗan gari ke sauya kaya a hankali duk ƙofar da ka shiga, ba tare da ka ji inda aka yi ɗinki ba.

To ga wanda ke cewa shiru rashin kiɗa ne, ina so ya tuna Shadow of the Colossus na 2005. Ƙasa ce fetal, ba gari, ba mutane, daga kai sai dokinka Agro da hasken takobi mai nuna maka hanya. Duk tsawon tafiyar ba kiɗa, sai kofato da iska. Sai ka isa inda ƙaton dodon da aka aike ka ka kashe yake, ka ga abin da ka zaci dutse ne ya miƙe tsaye. A nan Kow Otani yake sako makaɗansa gaba ɗaya, kuma da zarar ka samu ka damƙi gashin ƙaton ka fara hawa, kiɗan ya juya daga na tsoro zuwa na jarumta. Da a ce tun daga gida ake kaɗa maka wannan, kafin ka iso kunnenka ya riga ya ƙoshi. Yunwar da aka bar ka da ita a hanya ce ta sa ya yi daɗi. Sannan in ƙaton ya faɗi, maimakon kiɗan murna sai a sa maka na makoki, har ka fara tambayar kanka ko abin da kake yi daidai ne. Sau goma sha shida ana yi maka haka.

Haka Red Dead Redemption na 2010. Bayan ka sha ruwan harsashi a kan kwale-kwale ka tsallaka kogi zuwa Meziko, ka hau doki, sai kawai jita da muryar José González su shigo, a wasan da ka yi sa'o'i ba ka ji an rera maka waƙa a hanya ba. Ni dai rage gudun dokin na yi. Ga jan dutse, ga kogi a gefe, ga mutum shi kaɗai ya yi nisa da iyalinsa. Sau ɗaya tak ake sa ta a wannan wuri, kuma wanda ya yi gaggawar sauka daga doki tana iya yanke masa. Na san waɗanda suka rasa ta haka, har yau suna jin zafin abin.

Kada a ce na tsani babban kiɗa. Ina! Wa zai ji buɗewar Skyrim na 2011 tsigar jikinsa ba ta tashi ba? Mutum talatin Jeremy Soule ya tara, aka naɗi muryarsu sau uku aka ɗora, suka zama kamar tasa'in. Amma ku tambayi wanda ya yi wata da watanni a cikin wasan, wane kiɗa ne ya fi zauna masa? Yawanci za su ce maka wancan mai sanyi ne, wanda ke zuwa da dare kana tafe a kan ƙanƙara, sama ta yi kore da shuɗi. Na buɗewa yana sa ka zare takobi. Na daren shi ke hana ka kashe na'ura.

Abin da ke damuna da manyan wasanni da yawa na yanzu shi ne an samu kuɗi, an samu makaɗa tamanin a ɗaki guda, sai aka rasa kunya. Daga ka danna farawa ganguna ke dukan ka, ƙaho na ihu, 'yan amshi na kururuwa, ko tsinke ka sunkuya ɗauka sai an yi maka kiɗan yaƙin duniya. Ka gama wasan sa'a arba'in, a ce rera kari ɗaya daga ciki, ka yi tsuru-tsuru. In kowane lokaci ƙololuwa ne, ina tudun da za ka hau? Kwatanta da Journey na 2012, inda Austin Wintory ya ɗauki goge ɗaya mai kauri, wato cello, ya mai da shi muryar ɗan wasa. Shi kaɗai yake farawa a cikin rairayi, sauran kayan kiɗa suna taruwa a kansa sannu a hankali yayin da kake kusantar dutsen. Wasan da bai wuce sa'a biyu ba, amma kiɗansa ya kai ga shiga takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a rukunin da finafinai suka saba mamayewa. Sai a 2023 ma aka ware wa kiɗan gem rukuninsa na kansa a can, abin da ni a ganina an makara ƙwarai.

Yanzu mu koma kan Breath of the Wild da ake yi wa gori. Labarin wasan na ƙasar da ta rushe ne shekara ɗari da suka wuce, kai kuma ka farka ba ka tuna komai. Yaya za a yi wa irin wannan wuri kiɗan fareti? Manaka Kataoka da abokan aikinta, Yasuaki Iwata da Hajime Wakai, sai suka farfasa kiɗan kamar yadda ƙasar ta farfashe: ɗigo nan, ɗigo can, tsakani a bar maka ciyawa da ruwan sama. Kuma shirun yana yi maka aiki. Da shi kake jin amon rugar dawaki tun daga nesa ka san akwai wurin kwana a gaba. Da shi ne kuma, in fiyano ya rikice farat ɗaya kamar an watsa tsakuwa a kan kwano, gabanka ke faɗuwa tun kafin ka ga jan hasken Guardian, wato mutum-mutumin ƙarfe mai harbi, a ƙirjinka.

Na ce wa abokin nan nawa ya yi mini abu ɗaya kafin mu ci gaba da musu. Ya sa iyafis a kunne biyu, ya kama doki, ya jira dare, ya hau hanya ya saki linzami, kada ya tsaya tsintar komai. Da farko fiyano ne kawai zai ji yana tsalle-tsalle kamar kofato. In ya daure bai sauka ba, can sai goge ya shigo daga ƙasa, a hankali, yana jan kowane sauti kamar mai ƙoƙarin tuno sunan wani da ya daɗe da rabuwa da shi. Karin nan ne na 1986, wanda aka buɗe wasan farko da shi bayan Kondo ya kwana a kansa. Ni ranar da na fara gane shi, a kan wata gada nake, wata ya fito, sai na ga na cire yatsana daga kan maɓalli, dokin yana ta bin hanya da kansa.

Ɗazu da safe ya turo mini saƙo, ya ce ya ji shi, kuma ya zarce har bakin teku bai sauka ba.