Kun kira mu aikin gayya, ina safar hannu?

Asabar ɗin da ta wuce wata ƙungiya ta kira aikin gayya, a share wani lambun shaƙatawa kusa da unguwarmu a Agege, Legas. An yi sanarwa a masallaci, aka watsa a WhatsApp. Muka fito mu wajen 40, har da yara 'yan makaranta. Na tafi da ɗan ƙanwata mai shekara 13, don ina son ya taso ya san haƙƙin unguwa.

Me muka tarar? Riguna masu tambarin ƙungiya, kwali guda, da mai ɗaukar hoto. Safar hannu shida kacal, manjagara biyu, baro ɗaya. Babu takalmin ruwa, babu akwatin magani, ko auduga babu. Ba wanda ya tsaya ya ce mana ga inda za a taɓa, ga inda ba za a taɓa ba. Kawai cewa aka yi bismilla, a fara.

Duk wanda ya san sharar Legas ya san ba ganye kaɗai ba ce. A cikin ciyawar nan akwai fasassun kwalabe, gwangwani mai tsatsa, ledojin fiya wata, da robobin abincin nan farare da gwamnatin jiha ta hana tun Janairun 2024 amma har yau suna toshe kwata. Da idona na ga sirinji da allurarsa a gindin bishiya. Wani matashi ya kai hannu zai ɗauka, sai da na daka masa tsawa.

Ba a yi awa ɗaya ba na ji ihu: "Kawu, ƙafata!" Yaron nan ya taka gindin kwalba, ta huda silifas ɗinsa ta shige tafin ƙafa. Jini kamar an yanka kaza. Na cire rigar da suka ba ni na ɗaure masa. Na ce da jagoransu, "Malam, ina kayan agajin gaggawa?" Ya ce wai an manta. An manta! Amma ba a manta da mai hoto ba. A cikinsu ba wanda ma ya san ana kiran 112 ko 767 in abu ya faru a jihar nan. A Keke Napep na kai shi asibiti, aka yi ɗinki, aka yi masa allurar tetanus, duk daga aljihuna. Wallahi ba kuɗin ne ya dame ni ba, kallon da uwarsa ta yi mini ne.

Mu ba baƙin shara ba ne. Kowace Alhamis sai mun share kasuwa kafin a buɗe shago ƙarfe goma. Masu sharar titi na LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, ma riga mai ruwan lemo suke sawa don direba ya hango su, amma mu aka tura yara bakin titi kwasar leda, motocin haya na danfo na wucewa a guje.

In za ku tara jama'a, ku zaga wurin kafin ranar. Ku ƙirga mutane, ku ƙirga safar hannu. Mai silifas a mayar da shi gida, yara su tsaya kan tsintsiya nesa da kwata da titi, kwalba da allura a zuba su a bokiti daban.

Jiya sun sake turo sanarwar wani aikin, da hotunanmu a jiki. Yaron kuwa har yau ɗingishi yake, kuma ba wanda ya zo duba shi.