Murnar da ba ta jiran ranar 25

Salama a gare ku, 'yan'uwa a cikin Almasihu.

Hunturu ya sauka a garin Garwa, a arewacin Kamaru. Da asuba sanyi, da rana ƙura, leɓe duk ya tsage. Kuma da Disamba ya kama sai lissafi ya hana mutum barci: atamfar uwargida, takalman yara, shinkafa, ɗan akuya idan da hali. Shekaranjiya ina zaune a shagon wani tela, sai ga wata 'yar'uwa da muke sujada tare ta shigo da yadinta a leda. Tela ko kai bai ɗaga daga keke ba, ya ce ya rufe karɓar ɗinki sai bayan sabuwar shekara. Ta naɗe yadin ta ce, "To, ni bana ba ni da Kirsimeti ke nan."

Maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma na sha faɗin irinta.

Makonnin nan da ake kira Adbent, ma'anar sunan ita ce zuwa. Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti, muna jiran Mai Ceto. A majami'u da yawa kowace Lahadi ana ƙara kunna kyandir ɗaya, na ukun kuwa launinsa daban, ruwan hoda, don ita ce Lahadin murna. Ku lura, a tsakiyar jira aka ajiye ta, tun ba a ɗora tukunya ba. Ayar ranar tana cikin Filibiyawa 4:4, inda Manzo Bulus ya ce mu yi farin ciki da Ubangiji kullum, har ya maimaita. A ina yake lokacin da ya rubuta? A kurkuku. Ɗaurarre ne yake yi wa masu yawo a sake wa'azin murna!

Ku dubi Maryamu da Yusufu ma. Da suka kai jariri Yesu Haikali, Luka 2:24 ya ce hadayarsu kurciyoyi biyu ce ko 'yan tattabaru biyu. A Shari'ar Musa wannan rangwame ne ga wadda ba ta da halin ɗan rago. Gidan da Sarkin sarakuna ya zaɓa ke nan. To, mu kuma don me za mu ci bashin da sai Ista muna biya?

Ba na cewa sabon kaya laifi ne, mai shi ya sa ya gode Allah. Amma kada jiran babbar rana ya rufe mana ido. Kunu mai zafi da ƙosai da sassafe alheri ne. Haka yaran makarantar Lahadi da ke gwajin wasan haihuwar Yesu, an yafa wa ɗaya tsohon zanen mamarsa wai shi ne makiyayi, tumakin kuma sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Manomi ya kai audugarsa sikeli lafiya. Maƙwabcinmu Musulmi, wanda yake aiko mana da nama kowace Babbar Sallah, har ya fara tsokana: "Bana kaji nawa za a yanka mana?"

Nehemiya 8:10 ya haɗa farin cikin Ubangiji da aika wa marar shi abinci. Don haka tun yanzu a ware kwanon gwauruwa da na 'yan gudun hijira da ke zaune a cikinmu, kada a bari sai abin da ya rage a gindin tukunya.

'Yar'uwar nan kuwa, jiya da yamma na hango ta wurin gwajin waƙa, da zanenta na bara, ita ce ke ba da baiti mata suna amsawa. Yadin yana gida a leda, sai Janairu.