A nan masu goge suna baya, a gida su ne gaba

Makon jiya wani abokin aikina ya ja ni kallon wasan wata ƙungiyar mawaƙa a nan Liverpool. Masu jita da mai ganga suna gaba, fitila na haska su. Can baya kuwa, cikin duhu-duhu, mutum shida ne zaune kan kujeru riƙe da gogen Turawa, kowa da takardarsa a gaba. Su na yi ta kallo har aka tashi, don a inda na fito mai goge ba ya zaman baya.

Wannan zaman baya yana da tarihi. A 1965 ne George Martin, mai shirya wa Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Liverpool, faifai, ya ba Paul McCartney, ɗaya daga cikinsu, shawarar a sa masu goge huɗu cikin waƙarsu Yesterday: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, sai babban nan da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Da farko McCartney bai so ba, yana ganin kiɗan manyan mutane ne, ba na samari ba. Da shekara ta zagayo, a waƙarsu Eleanor Rigby, masu goge takwas aka ɗauko, kuma babu ɗan Beatles ko ɗaya da ya taɓa abin kiɗa; murya kawai suka sa. Duk da haka ba a rubuta sunan mutanen nan takwas a bangon faifan ba. An biya su kuɗin aikin yini, suka kama gabansu. Haka kamfanin faifai na Motown ya yi a Amurka: makaɗan babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Detroit yake haya, su zuba wa waƙa zaƙi, duniya ta san mawaƙin kaɗai.

To dubi namu. In aka ce Garba Liyo, goge aka ce. In aka ce Hassan Wayam ko Ibrahim Nahabu ko Ahmadu Doka, kukuma ce ke zuwa a rai. Mai jan izga shi ne uban tafiya, masu ƙwarya da kalangu da 'yan amshi su ke bin sa. Tsirkiya ɗaya tak, ƙoƙo da fatar guza, babu takarda, amma ta faɗi sunan mutum da na ubansa, kowa a fili ya gane. Gaskiya ne an raina sana'ar saboda alaƙarta da bori da wasan dare, amma ba a taɓa ɓoye sunan mai ita ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kowane ɓangare ya yi da na'ura ta zo. Tun shekarun 1970 aka ƙera fiyano mai kwaikwayon kukan goge. A 1982 reshen ƙungiyar makaɗa na tsakiyar Landan har nema ya yi a hana amfani da irin waɗannan na'urori, don suna cinye musu abinci. Ba su yi nasara ba, amma ba su ajiye sana'ar ba, ga su nan har gobe ana kiran su. Mu kuwa da situdiyo ta bazu a Kano da Kaduna, sai yatsa ɗaya kan fiyano ya maye gurbin goge, kukuma, garaya, duka. Kunne ya san bambanci. Izga tana da ƙaiƙayi, tana shaƙewa kamar mai kuka. Na'ura sumul take, ba ta da maƙogwaro.

Kuma ba sai mun leƙa Turai ba. A Sudan mawaƙan gidan rediyon Omdurman sun daɗe suna waƙa da jerin masu goge a bayansu, kuma can ne Aisha Fallatiya, 'yar asalin Hausawa, ta yi suna.

Ina jiran ranar da wani cikin mawaƙanmu masu cika fili zai aika ƙauye a ɗauko masu goge uku ko huɗu, a zaunar da su gaban makirufo, a biya su da daraja, a rubuta sunayensu ƙarƙashin waƙar. In kuɗin mota ne matsalar, ni daga nan zan tura.