A daina sayar wa yaranmu farkon labari

Wata sana'a ta kankama a makarantun firamare na unguwanninmu a Kumasi, kuma iyaye sun yi shiru kamar ba kuɗinsu ake karɓa ba. Masu darasin bayan tashi suna buga wa 'yan aji uku da aji huɗu takardar da ke ɗauke da farkon labari a shirye, su ce a haddace. Duk insha'in da aka ba yaro, da shi zai buɗe: gari ya waye, rana ta fito tana murmushi, tsuntsaye suna rera waƙa a kan bishiyoyi.

Wane tsuntsu? A wace bishiya? Yaron da ya kwana a Aboabo ko Asawase kiran assalatu ne ya tashe shi, sai ƙarar bokiti a bakin famfo, sai mai koko tana hura wuta, sai ɗan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ke fama da injinsa ya ƙi tashi. Ya bi ta gefen kwata ya zo makaranta da ƙosai a leda. Duk wannan yana idonsa da hancinsa, amma an koya masa cewa ba abin rubutawa ba ne. Abin rubutawa shi ne wani lambu da bai taɓa takawa ba. Malami ya kwashi littattafai arba'in, ya karanta safiya iri ɗaya sau arba'in, ya sa jan biro ya ba kowa maki, ya kuma kira wannan koyar da siffantawa.

Za a ce jarrabawa ce ta tilasta. Ɗan aji uku yana da shekara 6 kafin ya zauna BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, don haka a nemi wani uzurin. Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Ghana, ta fitar a 2019 ma ta jera ƙirƙira da zurfin tunani cikin abubuwan da ake so yaro ya fita da su, ba ta ce a yi hadda ba. Hadda tana da wurinta, mu da muka tashi da allo mun fi kowa sani, amma ba a haddace gani.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaran nan sun iya buɗe labari tun kafin su riƙe fensir. Ka saurari yarinya 'yar shekara bakwai tana ba ƙawayenta labarin faɗan da aka yi a turoturo, motar haya, a hanyar kasuwar Kejetia. Za ta faɗi kalar zanen matar, ta kwaikwayi muryar yaron mota, ta ja numfashi daidai inda ya kamata. Wadda kakarta ke ce mata "ga ta nan, ga ta nanku" ta san yadda ake kama kunnen mai sauraro. Tana shiga aji sai harshenta ya ɗaure, don Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ke ɗaukar nauyin koyarwa. A Kumasi Twi ne da Turanci. Yarinyar da ke tunani da Hausa, aka ce ta siffanta da harshen da take lalube a cikinsa, dole ta rungumi takardar da aka sayar mata. Masu sana'ar sun gane wannan raunin, shi suke ci.

Gyaran ba ya bukatar kwangila ko taron bita a otal. Malami ya fitar da yara ƙofar aji na minti biyar, ya tambaye su me suka gani, me suka ji, wane wari ne ya bugi hancinsu. Su faɗa da Hausa ko Twi tukuna, sannan a taimaka musu su rubuta jimla biyu da Turanci, ko da kurakurai. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, inda ake samun malamai masu jin Hausa, ba su da hujjar jira. Shugabannin makarantu kuma su hana sayar da takardun nan a harabarsu tun wannan zangon karatu.